Tari da Ciwon Huhu: Masu Tsaron Ƙirjinka

Idan iskar hunturu ta taso, ƙura ta rufe sama har rana ta koma kamar farin wata, ba sai ka leƙa layin masu jiran likita ba kafin ka san lokacin da ake ciki. Kunnenka zai gaya maka. Tari ne ta kowane gefe, na jarirai, na yara, na tsofaffi. Mafi yawan masu tarin nan za su warke ko da ba su sha komai ba. Amma a cikinsu akwai ƴan kaɗan, yawanci yara ƙanana goye a bayan uwayensu, waɗanda in aka ƙara kwana biyu ba su sami magani ba, ana iya rasa su.

Wahalar ita ce, a ranar farko duk kamarsu ɗaya. An shirya wannan ɗan littafi domin ka iya rabe tarin da jiki zai gama da shi da kansa daga tarin da ya fi ƙarfin jiki, tun kana gida, ba da wata na'ura ba, sai idonka da agogo. In ka iya karatu, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman mata masu goyo da kakanni.

Hanyar da iska take bi

Ɗora hannu a ƙirjinka ka ja numfashi. Iskar da ta shiga hancinka takan bi ta bayan baki, ta gangara maƙogwaro. A tsakiyar ƙirji maƙogwaro ya rabu biyu, reshe ɗaya ya shiga huhun dama, ɗaya na hagu. Kowane reshe ya yi ta rabuwa kamar itacen da aka juya kansa ƙasa, har rassan suka sirance kamar zare. A ƙarshen ƴan rassan nan akwai ƙananan jakunkunan iska, sun fi miliyan 300. Duk wanda ya taɓa riƙe huhun rago ranar yanka ya san ba shi da nauyi kamar hanta. Laushi gare shi kamar soso, in an jefa shi a ruwa ba ya nutsewa. Jakunkunan nan ne suka sa. A cikinsu jini yake karɓar iskar da rai ke bukata, wadda likitoci ke kira oksijin, a nan kuma yake sauke gurɓatacciyar iska a fitar da ita.

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A yini da dare ya yi wajen sau dubu 20, iskar da ta shige shi kuma ta kai lita dubu 10, wato cikin jarka mai lita 25 har guda 400. Ruwan sha kana iya tace shi. Abinci kana iya wanke shi ka dafa. Iska kuwa yadda ta zo haka za ka shaƙe ta, da ƙurarta, da hayaƙinta, da ƙwayoyin cutar da na kusa da kai ya watso cikin tarinsa. In ka duba wannan sai ka yi mamakin yadda muke kwana mu tashi lafiya. Dalili shi ne, hanyar nan tana da masu tsaro tun daga ƙofa har ƙurya.

Su wane ne masu tsaron?

Na farko hanci. Gashin da ke bakinsa yana tare manyan ƙura da ƙaiƙayi. Daga ciki kuma hanci ba miƙaƙƙen rami ba ne, lungu-lungu ne, domin iska ta ɗan daɗe a ciki ta yi ɗumi ta jiƙe kafin ta sauka ƙirji.

Na biyu majina. Mukan ɗauke ta ƙazanta, amma aikinta irin na danƙon da yara ke kama tsuntsu da shi ne. Tana shimfiɗe a bangon hanyar iska tun daga hanci har cikin huhu, kullum, ko kana lafiya ƙalau. Ƙura da ƙwayar cuta suna taɓa ta sai su maƙale. A ƙarƙashin majinar akwai wasu ƴan gashi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, jere kamar gero a gona. Dare da rana suna kaɗawa, fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, duk gefe guda, suna turo majinar da abin da ta kama zuwa maƙoshi. Ta iso, ka haɗiye ba ka ma sani ba, tsamin ciki ya kashe abin da ke cikinta. Ka riƙe maganar ƴan gashin nan da kyau, domin za mu komo kanta. Su ne masu sharar ƙirji, kuma su ne hayaƙi ya fi cuta.

Na uku tari da atishawa. Idan abu ya wuce masu shara, ko majina ta taru ta yi yawa, sai jiki ya turo iska da ƙarfi ya fitar da shi. Tari kansa ba shi ne cutar ba. Tsintsiya ce. Shi ya sa ba kowane tari ake so a danne ba.

Akwai kuma wani ɗan marfi a bakin maƙogwaro wanda ke rufewa duk lokacin da ka haɗiye abu, don kada abinci ko ruwa ya bi hanyar iska. Ka san yadda mutum ke ƙwarewa in ya yi dariya yana shan fura. Marfin ne bai rufe a kan lokaci ba.

Can ƙurya, a cikin jakunkunan iska, babu gashi babu majina mai kauri. Masu tsaron wurin fararen ƙwayoyin jini ne. Wasunsu suna zaune a nan dindindin, suna haɗiye duk abin da ya ɓallo ya iso. In abokan gaba sun yi yawa sai su kira ƴan'uwansu daga cikin jini. Wasu kuma aikinsu shi ne su gane kamannin ƙwayar cuta, su ƙera makamin da ya dace da ita, su kuma riƙe kamanninta shekara da shekaru, yadda in ta komo ba za ta same su a kwance ba. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi. Kaluluwar da ke fitowa a wuyan yaro in maƙoshinsa na ciwo, matattarar waɗannan mayaƙa ce ta kumbura saboda aiki. Zazzaɓi ma, ko masassara, jiki ne da kansa yake ɗaga zafinsa don ya ƙuntata wa ƙwayoyin cuta.

Mura: yaƙin da jiki ke ci da kansa

Ƙwayoyin cutar da ke kama hanyar numfashi manyan iri biyu ne. Akwai wanda ake kira birus, akwai bakteriya. Bambancinsu yana da muhimmanci ga aljihunka da lafiyarka: magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin da kafso ja da rawaya da ake tallarsa a kasuwa, bakteriya kaɗai suke kashewa. Ba sa yi wa birus komai. Mura kuwa birus ne ke kawo ta, kuma irinsa ya fi ɗari, shi ya sa ba a gama ta sau ɗaya kamar ƙyanda. Ƙaramin yaro yana iya yin mura sau 6 ko 8 a shekara, ba kuwa wani abu ne ya lalace a jikinsa ba. Kowace mura karatu ce ga masu tsaronsa.

Yaron da ke da mura hancinsa na zuba, yana tari, wataƙila da ɗan zafin jiki kwana biyu ko uku, amma yana shan nono, yana cin abinci ko da kaɗan, yana wasa tsakanin lokaci, numfashinsa kuma ba ya sauri. Majinar tana iya komawa kauri, rawaya ko koriya. Wannan kaɗai ba dalilin shan kafso ba ne. Tarin yana iya kai mako biyu kafin ya ɗauke sarai, muddin dai kullum raguwa yake yi.

Abin da yake bukata a gida yake. Ki ƙara ba shi nono. In ya wuce wata 6 ki ƙara masa ruwa mai tsabta, kunu, romo. In hancin jariri ya toshe har ya kasa tsotso, ki tafasa ruwa ya huce, ki sa ɗan gishiri kaɗan, ki ɗiga masa ɗigo ɗaya ko biyu a kowane hanci, ki share da ƙyalle mai laushi. Yaron da ya cika shekara ɗaya ana iya ba shi ƙaramin cokalin zuma, ko zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi, yana sanyaya maƙoshi. Wanda bai cika shekara ba kada a ba shi zuma sam, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya da ita ba. In zafin jiki ya dame shi, farasitamol daidai nauyinsa. Kada a cusa man zafi a hancin jariri. A ƙasarmu kuma duk yaron da jikinsa ya yi zafi ya kamata a gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro, ko yana mura ko ba ya yi.

Maganin tari na kwalba da ake saya a tebur ko wurin masu talla, shawararmu ita ce a bar shi. Ba ya rage kwanakin mura, wani yana sa yaro barcin da zai ɓoye miki cewa ciwo ya yi tsanani, kuma ba ki san abin da aka zuba a ciki ba. A shekarar 2022 a ƙasar Gambiya yara wajen 70 suka mutu, ƙodarsu ta lalace, bayan sun sha irin wannan maganin tari da mura wanda aka samu da guba a ciki.

Lokacin da cuta ta sauka huhu

A hancin yara da yawa masu lafiya akwai bakteriya zaune, ba sa yin komai, domin masu tsaro sun hana su sauka. Idan mura ko ƙyanda ta zo ta ɓarnata ƴan gashin nan masu shara, sai hanya ta buɗe. Bakteriya su gangara har jakunkunan iska su hayayyafa. Fararen ƙwayoyin jini su taru a kansu, jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Huhun da yake kamar busasshen soso ya koma kamar soson da aka tsoma a ruwa. Wani lokaci birus ɗin da kansa ne yake sauka ya yi wannan ɓarna, musamman a jarirai. Wannan shi ne ciwon huhu, wanda a asibiti za ka ji ana cewa limoniya, a gida kuma sanyin haƙarƙari.

Sunan nan na gida yana sa mutane su zaci sanyi ne ya shiga ƙashi, sai a nemi abin da zai fitar da shi: a gasa yaro kusa da wuta, a yi masa tsaga ko sakiya a haƙarƙari. Sanyi ba ya haifar da ƙwayar cuta. Abin da lokacin ɗari yake yi shi ne, busasshiyar iska da ƙura suna busar da hanci, mutane kuma suna cunkushewa a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, wuta na ci, kowa na shaƙar numfashin ɗan'uwansa. Mugunyar tana can cikin huhu, aska ba ta isa wurin. Tsagar dai ƙarin ciwo ce a kan yaron da ke fama da kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 ciwon huhu ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 700 a duniya, wato wajen ɗaya cikin kowane yara bakwai da suka mutu. Alhali maganinsa, in an zo da wuri, ƴan ƙwayoyi ne masu araha.

Ƙirga numfashinsa

In ka manta da komai a littafin nan, kada ka manta da wannan. Huhun da ya cika da ruwa ba ya ɗaukar iska isasshiya a ja ɗaya, saboda haka yaro yakan rama da sauri. Saurin numfashi shi ne alamar da ta fi saurin tona ciwon huhu, ya fi ƙarar tari, ya fi zafin jiki.

Ki bari sai yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ba yana tsotso ba. In yana barci ya fi. Ki ɗaga rigarsa ki dubi cikinsa. Tashi da sauka, ɗaya ke nan. Wani ya riƙe agogo ko wayar hannu ya ce a fara, in minti ɗaya ya cika cif ya ce a tsaya. Kada a ƙirga rabin minti a ninka, domin numfashin jariri yakan yi sauri ya dakata ya sake tashi. In ƙirgen yana ruɗa ki, ki sa wake a hannu, kowane numfashi ki jefa ƙwaya ɗaya a ƙwarya, a ƙirga su daga baya. Numfashi ya yi sauri idan:

Jariri da bai cika wata 2 ba ya kai 60 ko fiye.
Daga wata 2 har ya kusa cika shekara, ya kai 50 ko fiye.
Daga shekara 1 zuwa 5, ya kai 40 ko fiye.

Yaron da ke tari numfashinsa kuma ya kai wannan, a kai shi gidan likita a ranar. Ba gobe ba, ba ranar kasuwa ba.

Sa'an nan ki dubi ƙasan ƙirjinsa, inda haƙarƙari suka ƙare. A mai lafiya, in ya ja iska ƙirji da ciki duka suna tasowa tare. In kika ga ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, alhali ba kuka yake yi ba, to huhun ya yi tauri, yaron da ƙarfi yake jan iska. Wannan ya fi saurin numfashi nauyi.

Akwai kuma alamun da in an ga ko da ɗaya, ko tsakar dare ne a tashi: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, duk abin da ya sha sai ya amayar, ya yi jijjiga, barci ya danne shi har da wuya a tashe shi, yana nishi a kowane numfashi, ko wata ƙara mai kaushi na fita in ya ja iska, leɓɓansa ko harshensa sun yi duhu. Jaririn da bai kai wata 2 ba shi ya fi ruɗarwa, domin yana iya kasancewa cikin hatsari babu tari babu zazzaɓi. Sai dai ya ƙi nono, jikinsa ya yi sanyi, ya daina motsi yadda ya saba. A kan hanya ki manna shi a ƙirjinki, fata da fata, ki lulluɓe ku biyu, ki ci gaba da ba shi nono in zai karɓa.

Manya ma suna kamuwa. Babba yakan ji rawar ɗari, zazzaɓi mai zafi, suka a gefen ƙirji in ya ja numfashi, kakinsa wani lokaci ya yi launin tsatsa. Tsoho kuwa yana iya zuwa ba zazzaɓi, sai dai ya daina ci, ya rikice, ya fara maganar da ba kai. Kada a ce tsufa ne kawai.

A gidan likita za a sake ƙirga numfashin, a saurari ƙirji, a maƙala wani ɗan abu a yatsa wanda ke nuna yawan oksijin a jini, a gwada zazzaɓin sauro, domin shi ma yana sa saurin numfashi, kuma sau da yawa biyun tare suke zuwa. In ciwon bai yi tsanani ba za a ba ki amoksisilin, ƙwayar da ke narkewa a ɗan ruwa ko nono, safe da yamma, yawanci kwana 5. Wasu iyaye ransu kan ɓaci in ba a yi allura ba. Ga yaron da ke iya haɗiya, ƙwayar nan tana aikin da allura za ta yi. Abin da ke ɓata ta shi ne a tsaya a kwana na biyu don yaro ya tashi wasa, a ajiye sauran don wani ƙanensa. Bakteriyar da ba ta gama mutuwa ba tana iya sake tasowa. In kwana 3 suka wuce babu sauƙi, ko ciwo ya ƙaru kafin nan, a komo.

Wata magana kuma da muke yawan ji a ɗakin yara: wai in aka sa wa yaro robar iska a hanci, mutuwa zai yi, har wasu su roƙa a cire ko su ɗauke shi su tafi. Gaskiya ne wasu da aka sa wa sun rasu, domin waɗanda ciwonsu ya fi tsanani ake sa wa, da yawa kuma a makare aka kawo su. Amma oksijin ɗin shi ne ke riƙe yaro da rai har magani ya sami lokacin aiki. In likita ya ce a sa, ku yarda.

Abubuwan da ke karya masu tsaro

Hayaƙi ne kan gaba. Hayaƙin itace, kara, gawayi da kashin shanu yana kashe kuzarin ƴan gashin nan masu shara, har su kwanta su daina kaɗawa, majina ta taru a ƙasa. Dubi rufin ɗakin girkinku yadda ya yi baƙi. Yaron da ke goye a baya lokacin da uwarsa ta sunkuya tana hura wuta, abin da ya baƙanta rufin nan shi yake shaƙa. Mun san ba kowa ke da halin gas ba. Amma ana iya girki a waje ko a rumfa mai iska, a huda taga a ɗakin girki, a yi amfani da busasshen itace, a gina murhun laka mai tsimin itace, a kuma miƙa goyo ga wani har wuta ta kama. Ɗakin mai jego ma a kula da shi: ɗumi yana da kyau ga jariri, amma garwashi da turaren wuta a rufaffen ɗaki ba alheri ba ne ga huhun da bai yi wata guda a duniya ba. Maigida mai shan taba kuwa, ya fita waje da ita, in ya iya bari ya fi masa.

Sai yunwa. Makaman da jiki ke ƙerawa daga abinci ake yin su. Yaro mai tamowa ya fi saurin kamuwa, ya fi kuma saurin mutuwa, har tarinsa ba shi da ƙarfin fitar da komai. Kunun gero zalla ba ya isa. A ƙara masa garin ƙuli-ƙuli ko wake, ƙwai, nono, ganyen zogale, kabewa, ɗan mai. Yaron da ya tashi daga ciwo a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu. In ana rabon bitamin A, wanda ake ɗiga wa yara a baki duk wata 6, kada a bari ya wuce su.

Nonon uwa ya wuce abinci. A cikinsa akwai makaman da jikin uwa ya riga ya ƙera, tana ba ɗanta aro kafin nasa su ƙosa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da rawaya wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ya fi kowane ɗauke da su. A sa jariri a nono tun sa'ar farko, a kuma bar shi a kan nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata, ko da bazara ce.

Ɗura kuma fa? Idan aka kwantar da yaro aka toshe masa hanci aka zuba kunu yana kuka, marfin maƙogwaron nan ba ya samun rufewa. Kunu ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Muna ganin ciwon huhu mai tsanani da ya fara daga nan. A zaunar da yaro, a ba shi da cokali ko ƙoƙo, kaɗan-kaɗan, da haƙuri. Haka kuma kada a zuba komai a bakin yaron da ke jijjiga ko ya suma.

Maganar beli tana da nauyi, domin al'ada ce da aka gada, wanzamai kuma mutane ne masu daraja a gari. Amma abin da muka sani dole mu faɗa. Kowane mutum da beli aka halicce shi. Yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci in ana haɗiya, yana kuma jiƙa maƙoshi. Ba ya tsawo ya toshe wuya, ba shi ke kawo tari ko amai ko ƙin nono ba. In maƙoshi na ciwo yakan yi ja ya ɗan kumbura tare da sauran wurin, ya kuma koma da kansa. Yanke shi yana buɗe rauni a daidai ƙofar da ƙwayoyin cuta ke bi. Jariri jininsa kaɗan ne, zubar da babba ba zai ji ba tana iya kayar da shi. Jinin yana iya gangarawa huhu, zafin raunin ya hana shi tsotso, ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi kuma yana iya kawo ciwon hanta, ko sida, ko ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. A yi suna, a yi aski, a bar belin.

Allurar rigakafi

Ka tuna mayaƙan da ke riƙe kamannin abokin gaba? Rigakafi nuna musu kamannin ne tun kafin ya zo. A wurin haihuwa ana yin ta tarin fuka. A mako 6, da 10, da 14 ana yin wadda ta haɗa cuta biyar, ciki har da tarin shiƙa, da mashaƙo, da wata bakteriya mai kawo ciwon huhu da sanƙarau. Tare da ita ana yin ta babbar bakteriyar ciwon huhu, wadda Nijar ta fara yi wa yara a shekarar 2014. A wata 9 sai ta ƙyanda, da ta biyu a cikin shekara ta biyu. Ƙyanda tana rushe masu tsaro na tsawon lokaci, yawancin yaran da take kashewa kuma ta hanyar ciwon huhu take kashe su. Mashaƙo da mutane suka fara mantawa da shi ya sake ɓulla a jihar Damagaram a 2023, ya fi kuma kama waɗanda ba su cika allurarsu ba. Ɗan zafin jikin da ke biyo bayan allura kwana ɗaya ko biyu alama ce masu tsaro sun ɗauki karatu. Mura mai sauƙi ba ta hana yin rigakafi. In an tsallake wata, ba sai an koma farko ba, a kawo katin a ci gaba daga inda aka tsaya.

Sauran kariyar sananniya ce: wanke hannu da sabulu, yin tari a cikin gwiwar hannu ko gefen mayafi, rufe hanci da rawani ko gyale in ƙura ta taso, barin tofar da kaki inda yara ke rarrafe. Mai mura ya haƙura da ɗaukar sabon jariri, ko ranar suna ce.

Tarin da ya wuce mako biyu

Wannan wata magana ce dabam. Duk wanda tarinsa ya haura mako 2, musamman in yana rama, yana gumi da dare, zazzaɓi na zuwa da yamma, ko ya ga jini a kaki, ya zo a gwada kakinsa don tarin fuka. Ba gado ba ne, ba sammu ba ne. Bakteriya ce da ke bin iska, ta fi kama waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai ita. Tana warkewa sarai da maganin wata 6, wanda ake bayarwa kyauta, in an sha kullum ba fashi. Wanda aka samu da ita ya kawo mutanen gidansa a duba su, tun ba yara ƙanana ba, domin su ba sa fitar da kaki, sai dai a ga sun daina ƙiba.

Ga maigida

Lokacin tari shi ne lokacin da maza da yawa suka tafi ci-rani. Sau da yawa uwa ta ga numfashin ɗanta ya canza tun da safe, amma ta zauna jiran izini, ko jiran a sami maigida a waya, ko jiran kuɗin babur, har kwana biyu su wuce. Ciwon huhu a jikin jariri ba ya jiran wannan. Kafin ka tafi, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da ƴan'uwanka cewa in yaro ya kamu da saurin numfashi, matarka ta tafi da shi gidan likita ba sai an tambaye ka ba. Ka bar mata kuɗin hanya a ware, ka kuma yi magana da mai babur ko mai amalanke wanda zai tashi ko da dare. A Nijar tun shekarar 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati, ko da yake wani lokaci magani kan yanke a ce a saya, don haka ƴan canji a hannu suna da amfani. In za a zo, a taho da katin rigakafin yaron, da kwalba ko takardar duk maganin da aka riga aka ba shi a gida, har da na gargajiya, a kuma faɗa wa likita adadin numfashin da aka ƙirga da lokacin da aka ƙirga shi.